Ɓangaren Tsakiya

Tabor, Oktoba 1907

Zuwa ga Yaya Ludmila,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafarki ta yi sauƙi. Kin ji an ba ni babban goge a kiɗan Asabar, wanda ni zan yi gaba, sauran makaɗa suna amsa mini. To, da wuya in kai Asabar ɗin. Jiya shugabanmu Kratochvil ya tsayar da mu a ɓangaren tsakiya, ya ce, "Bohumil, kiɗa kake yi ko rasit kake rubutawa?" Kowa ya yi dariya. In bai gamsu ba a gwajin ƙarshe, wani yaro daga Vienna zai karɓa.

Farkon kiɗan ba ya ba ni wahala, faɗa ne da taƙama. Tsakiyar ce. A hankali take tafiya, kamar mutumin da ya yi sallama amma ya kasa fita. Kullum ina gwada ta da agogon auna kiɗa, ban taɓa kuskure ba. Na duba littafina na kullum, ban ga inda na yi sakaci ba. Wataƙila dai ba ni da abin.

Ƙaninki,
Bohumil

Ɗan autan Mama,

Ƙafa tana nan, ni ma ina nan. Kratochvil ya yi maka adalci, ni da takardar haraji zan ce. Kai da ko miya sai ka auna gishirinta!

Wanda ya kasa fita ba ya duba agogo. Ka ajiye gogen, ka rera wurin da bakinka, da muryar nan taka ta agwagwa. Inda numfashi ya yanke maka, nan kiɗan ke son tsayawa. Na riga na rubuta wa matarka Zdenka ta ɓoye agogon cikin buhun dankali. Kada ka tambaye ta, ta fi jin tsorona.

Zan zo a jirgin ƙasa na safe, ko kai ke gaba ko yaron.

Yayarka,
Ludmila

Yaya,

Na rera. Maƙwabta sun buga bango. A gwaji, da muka zo tsakiya, na riƙe sauti ɗaya har mai sarewa ya shiɗe, ya harare ni. Kratochvil ya tsaya da sanda a sama yana jirana, makaɗa duka suna jirana. Ba a taɓa jirana ba, Yaya. Har yanzu ina zargin na wuce kima.

Da muka gama bai yabe ni ba. Cewa ya yi, "Ranar Asabar ka sa riga mai kyau."

Kujerarki tana layi na uku, bakin hanya, don ki miƙe ƙafa.

Bohumil