Ranar Alhamis Za a Sauke Zalɓe

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara wa gwiwar nan sauƙi. Mu nan lafiya lau. Umma tana shan maganinta a kan lokaci, ni nake ƙirga mata ƙwayoyin. Auta ta shiga aji uku.

Yau wata huɗu da kwana tara ke nan da na kama aiki a tasharku ta bakin kogi. Da ka zo, Kawu, da sai ka nemi ɗan jagora. Sito na ɗaya da na biyu sun zama filin ajiye kwantena, an shigo da layin dogo har bakin ruwa, ma'aunin tirela kuma yanzu kwamfuta ce ke karanta shi. Amma warin gas da jiƙaƙƙen buhu yana nan yadda ka bar shi. Zalɓe ma yana nan, injin ɗaga kayan da ka tuƙa shekara ashirin da shida, da dogon wuyansa a kan ruwa. Duk safiya in na wuce sai na tuna ranakun Asabar da kake ɗauke ni ka hau da ni ɗakin direba, muna kallon jiragen dako suna shigowa a jere, kana faɗa mini abin da kowanne ya ɗauko tun kafin a yaye tamfol.

A kansa nake rubuto maka, kuma sau uku ina yaga takardar. An ba ni aikin duba lafiyarsa, na sami tsaga a gindin wuyan, santimita goma sha ɗaya. Na auna ranar Litinin, na koma Laraba ko idona ne, na tarar ta kai sha biyu. Tsohon mai waldan nan abokinka ya ce in rufa wa Zalɓe asiri, zai ɗinke shi kafin azahar. Wai yarinyar da ta yi masa fitsari a riga a kan wannan injin ita ce yau za ta yanke wa Zalɓe hukunci. 'Yan dako suka yi ta dariya. Amma wurin an taɓa yi masa walda sau biyu, kuma mutum tara ne ke aiki a ƙarƙashinsa kullum. Na tuna ba ka taɓa ɗaga kaya da mutum a ƙasa ba, ko manaja na ihu. Sai na rubuta cewa a dakatar da shi, na sa hannu. Da rahoton ya kai sama aka ce ranar Alhamis za a sauke shi a yanka shi.

Ban so ka ji a bakin wani ba. Na san yadda kake ji da shi, kuma tsoron da nake yi kada ka ce na yi boko na zo na rushe maka gida. In na ɓata maka, ka yafe mini.

Jiya mai waldan ya kira ni rumfarsa, bai ko dube ni ba, ya nuna mini wani abu jingine da bango. Ƙofar ɗakin direba ce ya ciro. Zanen da kake yi da ƙusa kana auna tsawona yana nan a jiki, guda biyar. Na sa awo, na ƙarshen mita ɗaya da santimita goma sha takwas. Ya ce in kai maka, in kuma faɗa maka da kai ne ma da haka za ka rubuta. Ni dai daga bakinka nake so in ji.

Ka gaishe mini da Inna, da Yaya Babba da maigidanta, da 'yan biyu. Umma da Auta suna gaisuwa. Ƙofar tana ɗakina, kilo ashirin da uku ce, ina jiran amsarka kafin in ba direban mota ya kawo maka.

'Yar ƙanwarka,
wadda kake kira Ƙaramar Direba