Idon Baba Ƙalau Yake

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da 'yata mai kumatu. Yaya aiki? Kumburin ƙafar da tsayuwar kanti take sa miki ya sauka? Mu nan lafiya lau, Mama tana gaishe ki.

Kada ki yi mamaki da na rubuto maimakon in karɓi wayar Mama in kira ki. Kin san gidanmu, in mutum ya yi tari a uwar ɗaki sai a yi masa sannu daga falo. Kuma abin da zan faɗa, bakina ba zai iya ba.

Na raka Baba wurin likitar ido kamar yadda kika matsa. Kin san tun ina firamare ni ce mai zura masa zare a allura duk ranar da ya ce idonsa ya yi hazo. Kafin in wuce makaranta nakan biya shago in zura baƙi da fari da shuɗi, in soke su a jere a jikin labulen da ke gefen keken ɗinki, in zura na keken ma. Ina son aikin, don a lokacin ne yake ce mini Malama, ya tambaye ni abin da aka koya mana jiya.

Yaya, idon Baba ƙalau yake. Ya karanta allon nan tun daga babban harafi har layin ƙasa, wanda ni kaina sai da na ƙanƙance ido. Likitar ta yi dariya ta ce da kowa irinsa ne da tuni ta koma sayar da gyaɗa. Sai ta tambaye shi me ya sa yake zaton idonsa ne. Ya ce allura ce take gagararsa. Ta ce, kullum? Ban san lokacin da bakina ya ce, "A'a, wasu ranaku ne." Baba ya juyo ya dube ni, ni kuma na dubi takalmina.

Ta ce ya miƙe hannu, ta ɗora masa takarda a kai. Bai daɗe da dawowa daga sayen yadi ba. Takardar ta kama rawa har ina jin ƙararta. Likitar ta ce in ɗan jira a waje, amma ƙofar ba ta rufu sosai ba. Na ji ta tambaye shi cikin ladabi ko yana shan giya. Ya ce, "Ni? Sai in yi wata guda ban ga kwalba ba." Ta ce, "To ranar da ka gan ta fa, Malam, yaushe kuke rabuwa?" Ta ce akwai sashe a babban asibiti don masu irin wannan, in ya shirya za ta haɗa shi da su.

A hanya abu ɗaya kawai ya faɗa, wai mai duba ido ta tsaya a ido.

Yaya, ke ce babba, ki gaya mini. Tun da kike, kin taɓa ganin Baba ya dawo daga sayen yadi da yadi a hannu?

Ki shafa mini kan 'yata.

Taki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kuma haƙorin 'yata ya fito ta bar ku kun yi barci. Mu lafiya lau.

Wasiƙarki ta iso. Na karanta ta a bayan aji, na ninke ta ƙarama. Kin ce likitar ba ta da kunya, kin ce Baban da ya goya ki zuwa makaranta ranar da ruwa ya cika layinmu ba mashayi ba ne, kuma wai ni ma in iya bakina. Ban ji haushi ba. Ni ma haka nake so ya zama.

Kuma da alama ke ce da gaskiya. Tun ranar nan Baba bai je ko'ina ba. Da farko ba ya haɗa ido da ni, na kusa yin rashin lafiya don damuwa. Amma yanzu ya sake. Kullum da safe sai ya kira ni, ya ɗaga allura saitin taga, ya zura zare karo ɗaya, ya ce, "Malama, ki shaida." Ni kuma in ce na shaida. Ranar nan Kafinta, abokinsa mai jan ido ɗin nan, ya leƙo shago yana cewa, "Tela, an manta da mu ke nan?" Baba ya ce masa ya je ya gama kujerun mutane. Wallahi kamar in rungume shi, sai dai kin san ni.

Ya sami babban aiki, rigunan ma'aikatan wani otal. Shago ya cika da farin yadi har babu wurin zama, mai guga na maƙwabta yana ta zirga-zirga. In na taso makaranta nakan taya shi sa maɓalli.

Mama ce kawai ban gane mata ba. Na ce mata ta ga Baba ya daina, sai ta ci gaba da wanke-wankenta ta ce, "Allah Ya sa." Ba ta ɗago ba.

Jarrabawa ta kusa, ki sa ni a addu'a, musamman lissafi.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu ma jiki lafiya.

Zan faɗa miki yadda abin ya faru, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi.

Ranar Juma'a Baba ya miƙa rigunan otal, an yaba ƙwarai. Da na biya shago da yamma na tarar ya share ko'ina, ya zuba wa keke mai, ya lulluɓe shi da tsohon zanen gadon nan. Ya yi aski, yana ta fito, ya sayo wa Mama lemo a leda. Ya fita yin sallama da mai guga.

Ni kuwa na tuna ranar Litinin da sassafe za mu shiga jarrabawa, ba zan sami biyowa shago ba. Sai kawai na ɗauko allurai na zura musu zare, na jera su a labule. Wallahi Yaya ban yi don in faɗa masa magana ba. Ban ma yi tunani ba, kamar yadda mutum yake kwashe shanya in ya ga hadari.

Ya dawo ya gan su. Fiton ya tsaya.

Ya ce, "Malama, wa ya ce miki idona zai yi hazo ranar Litinin?"

Na ce babu kowa.

Ya ce, "To yaya aka yi kika sani?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma ya tsaya yana jira, sai na faɗa. Na ce in ya gama babban aiki, ya rufe keke tun rana ba ta faɗi ba, ya yi aski, ya sayo wa Mama abin da ba ta aike shi ba, to washegari sayen yadi ne. Na ce tun ina ƙarama haka ne.

Ya zauna a bencin masu jiran ɗinki. Ya daɗe yana kallon labulen. Can ya ce, a hankali, ba da ni ba ma, "Ni fa ban riga na ce zan je ba."

Tare muka koma gida. Ya cire takalmi ya tura shi ƙarƙashin gado. Ranar Asabar da safe ya rasa inda zai sa kansa. Ya gyara sakatar da ba ta lalace ba, ya kunna rediyo ya kashe, ya sha shayi har ban san kofi nawa ba. Bayan azahar na ji yana jawo takalmin. Ya ce zai je ya duba ko ya kulle shago. Ya faɗi haka ne yana kallon bango.

Da ya fita Mama ta zaunar da ni. Ta ce tun kafin a haife ni haka yake, ya yi makonni kamar ba shi ba, sannan ya ɓace kwana biyu ko uku, ya sha har ya rasa inda yake. Ta ce ita ta ƙirƙiro maganar sayen yadi, saboda ke, lokacin kina ƙarama kina tsayawa a bakin ƙofa kina kuka. Ta ce ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta yi yaji ta dawo, kullum amsarsa ɗaya: mashayi shi ne mai sha kullum, shi kuwa sai ya ga dama.

Na rubuta jarrabawar lissafi, ban san abin da na rubuta ba. Ya dawo ranar Litinin da yamma, rigarsa duk ƙasa, leɓensa a fashe. Mama ta ɗora masa ruwan wanka.

Ina tsoro, Yaya. Ina tsoron wata rana zai tafi a dawo mana da shi.

Auta

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya gida, yaya maigidanki da 'yata? Ban ga amsarki ba. Ban sani ba ko fushi ne ko kuka, duk wanda ya kasance ina gaishe ki.

Washegarin dawowarsa na biya shago. Yana zaune gaban keke, bai ko buɗe shi ba, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. Na gaishe shi zan wuce, ya ce in zauna, ko zan makara.

Ya ce, "Ranar Juma'a na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Na yi rantsuwa a zuciyata. Kuma na tafi. To in kunyar 'yata ba ta riƙe ni ba, da me zan riƙe kaina?" Ya ce shekara da shekaru yana ƙirga ranakun da bai sha ba yana yi wa kansa kirari, ashe abin hutu kawai yake ba shi. Na miƙa masa hankicina, ya duba kalmasar bakin hankicin ya ce wa ya yi wannan ɗinkin banza. Na ce ni. Muka yi dariya muna share ido.

Shi da kansa ya ce wa Mama ta shirya ta raka shi. Suka koma wurin likitar ido. Mama ta ce yana shiga ya ce, "Likita, na kawo miki abin da ba ido ba." Likitar kuwa ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta ba shi kujera, ta buga waya babban asibiti.

An ɗebi jininsa. Sun ce hantarsa ta wahala, amma in ya bari yanzu akwai fata sosai. Sun ba shi magani, kuma duk mako yana zuwa zama da wasu masu irin matsalarsa, da wata jami'a mai ba su shawara. Ranar farko ya kai ƙofa ya juyo, Mama ta tsaya masa a hanya da jakarta, ta ce ita ta biya kuɗin mota. Ya ce a ciki ya tarar da wani babban mutum sanye da kwat ɗin da shi ya ɗinka masa. Kowa ya yi kamar bai san kowa ba, sai da aka tashi mutumin ya matso ya ce, "Tela, aljihun nan fa ya ɓarke." Baba ya ƙi gaya mana ko wane ne, ya ce abin da aka gani a ɗakin a ɗakin yake zama.

Jami'ar ta tambaye shi yaushe abin yake taso masa. Ya ce ba ranar baƙin ciki ba, ranar da ya gama aiki ne, hannunsa ya zama babu komai. Don haka yanzu ya daina gama aiki ranar Juma'a. Yakan bar hannun riga ɗaya bai haɗa ba, ko wando babu zif, don ya kwana da sanin akwai abin da ke jiransa da safe. Kuma in ya ji abin yana zuwa, sai ya faɗa wa Mama da baki. Ya faɗa sau ɗaya, makon jiya. Ta ajiye tsintsiya suka fita yawo har bakin gada suka dawo. Ta kuma ce mini daga yau sa wa Baba ido ba aikina ba ne, in kama karatuna.

Ba zan ce miki ya warke ba, na taɓa faɗin haka na ji kunya. Su ma a asibiti sun ce hanya ce mai tsawo, ana iya tuntuɓe, in an yi a koma wurinsu, kada a ɓoye.

Ga dalilin wannan wasiƙa. Baba zai kira ki ranar Lahadi da hantsi. Ya san na rubuta miki, ya ce duk da haka yana so ki ji daga bakinsa. Ke ya fi jin nauyi, ya yi ta gwada maganar a shago yana zaton ba na ji. Na san ki, Yaya. Yana farawa za ki ce, "Haba Baba, ba komai, bar maganar nan." Don Allah kada ki ce. Zai yi shiru, zai yi gyaran murya, wataƙila ya tambaye ki farashin kaya a garinku. Ki miƙa 'yata ga babanta, ki sami wuri ki zauna, ki bar shi ya kai ƙarshe.

Mama tana gaishe ki. Allah Ya bar mu tare.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta