Goma Sha Huɗu Da Ba A Buɗe Ba

Litinin, 3 ga Maris

Gwajin kimiyya, 17 cikin 20. Na manta sunan ƙashi ɗaya.

Saƙon Yaya ya shigo imel ɗina, na karanta wa Umma a wayarta tana guga. Suna tsakiyar teku, ɗakin injin da zafi, hannun tabaraunsa ya karye ya naɗe da salatif. Umma ta ce ɗan mai tabarau guda da salatif a fuska. A ƙarshe ya yi tambayar da ya saba: Baba ya buɗe? Na leƙa kwamfutar shago. Saƙonninsa goma sha huɗu suna nan da baƙin rubutu mai kauri, yadda saƙo yake in ba a taɓa shi ba. Na amsa masa, a'a.

Wata tara ke nan da ya bar jami'a ya kama aiki a jirgin ruwa na dakon kaya. Ranar da zai tafi Baba ya ce ya rubuto duk abin da zai rubuto, shi ba zai karanta ba. A teku babu sabis na kira, imel kawai.

Laraba, 5 ga Maris

Baba ya yanka wa mutum ɗaya gilashi sau biyu. Asibitin ido ne ke turo masa awon mutane ta imel. Ya karanta a waya ranar Asabar ya yi aikin, jiya ya gan shi a kwamfuta da kauri, ya ɗauka sabo ne. Ba wannan ne na farko ba. Ya yi ta faɗa da kwamfutar kamar tana jinsa.

Da yamma ya ce, “Mamana, ba kwamfuta ake koya muku ba? Ki sa ita da wayar su riƙa magana da juna mana.”

Na ce to. Rabon da mu yi magana mai tsawon wannan har na manta. Ba fushi nake ba. Ba ni da abin cewa ne.

Alhamis, 6 ga Maris

Na jira kowa ya fita kafin na tambayi malamar kwamfuta, duk da haka sai da ta ce in ɗaga murya. Ta ce tamu a kan tsohon tsari take: kwamfutar tana kwaso nata kwafin saƙonnin ta ajiye, ba ruwanta da abin da aka yi a waya. A sabon tsari akwati ɗaya duka biyun suke kallo, abin da ka buɗe a nan ya buɗu a can. Ta rubuta mini POP, ta soke shi, ta rubuta IMAP. Ta ce kafin in taɓa komai in adana tsofaffin saƙonni, kada in jawo wa kaina kuka.

Asabar, 8 ga Maris

Na yi.

Baba ya rubuta mini kalmar sirrin a bayan ambulan, ya fita karɓo firam ɗin tabarau. Ni kaɗai a shago. Na adana, na cire tsohon, na sa sabon, sau uku ina duba haruffan. Akwatin ya fara cika daga sama. Saƙonnin asibiti suka fito da siririn rubutu, alamar an karanta, daidai da wayar. Na ji daɗi, na ce aiki ya yi.

Sai na gangara ƙasa. Na Yaya ma sirara. Duka goma sha huɗun.

Na fara zaton ni na ɓata wani abu. Na ɗauko takardar malama na sake bi. Ban ɓata ba. Kwamfutar abin da wayar ta sani take nunawa, wayar kuma ba ta barin aljihun Baba.

Da ya dawo na nuna masa na asibiti. Ya ce madalla. Ya ja linzamin kwamfutar ya gangara ƙasa, ya tsaya. Ya cire tabaraunsa ya goge da bakin riga, alhali a shagon nan akwai tsumman goge gilashi ya fi ashirin. Ya ce in je Umma na nemana. Umma ba ta nemana.

Lahadi, 9 ga Maris

Wanki. Aikin gida na lissafi. Ban faɗa wa kowa ba.

Litinin, 10 ga Maris

Kafin in tafi makaranta ya kira ni shago. Wai akwai awon da ya buɗe bai samu yi ba, yana so ya koma kamar sabo don kada ya manta, ya ake yi? Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Na nuna masa: ka danna nan, ka zaɓi “ba a karanta ba”. Ya gwada da na asibiti guda. Ya ce a wayar ma zai koma? Na ce yanzu ai komai tare suke.

Da na dawo, goma sha huɗu da kauri. Umma ta shiga shara ta leƙa kamar kullum, ta fito ta ce, “Mutumin naku dai har yanzu.” Ba ta lura cewa kwana biyu ba haka suke ba, ko kuma Lahadi ba ta shiga ba. Ban sani ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Yaya ya rubuto. Kwantiraginsa zai ƙare 28 ga wata, ranar da za su isa tasha. Ko ya sauka ya zo gida hutu, ko ya sake sa hannu na wata tara. Ya ce in duba masa karo na ƙarshe. “Sakatariya, in ko ɗaya bai buɗe ba, me zan zo in yi? In zauna a falo ana wuce ni kamar kujera?”

Wannan layin ban karanta wa Umma ba. Na tsallake zuwa inda yake ba da labarin kukunsu da ke zuba sukari a miya.

Juma'a, 14 ga Maris

Abin da na sani ba a ba ni shi ba, gani na yi. Kalmar sirrinsa ya ba ni don in yi gyara. In na faɗa, Yaya ba ya iya riƙe magana, a saƙo na gaba zai rubuta “ashe kana karantawa”, Baba kuma zai daina da gaske. Na san shi. In na ce a'a, ƙarya ce, duk da kwamfutar za ta goyi bayana.

A ajin addini na so in tambaya a matsayin labarin wata ƙawata. Aka buga ƙararrawa.

Talata, 18 ga Maris

Ban amsa wa Yaya ba. Kwana biyar.

Alhamis, 20 ga Maris

Baba ya je asibiti kai aiki, ya ce in tsare shago in haɗa kowane tabarau da ambulan ɗinsa. Bakwai a tire, awo shida a imel. Na ƙirga sau biyu. Na bakwan firam ɗin roba ne mai ƙarfi, irin wanda ba ya karyewa, gilashinsa mai kauri, har da igiyar ratayawa a wuya. Ambulan ɗin ba suna, lambobi kawai da rubutun Baba. Idon hagu ya fi na dama rauni sosai. Na san awon. Tun ina firamare ni nake karanta wa Yaya lambar motar haya daga nesa in ya manta nasa a gida.

Labarin salatif ni da Umma kaɗai ya ba, a sanina. Ashe ya rubuta wa Baba ma.

Da ya dawo na ce shida sun shirya, na bakwai ba suna. Ya ce, “Bar shi nan. Mai shi bai zo ba tukuna.” Ya sa a aljihun tebur, bai kulle ba.

Juma'a, 21 ga Maris

Na rubuta wa Yaya. Sau huɗu ina gogewa. Abin da na tura:

A kwamfuta goma sha huɗu ne da kauri, kamar kullum. Kada ka tambaye ni fiye da haka. Akwai tabarau a aljihun teburin shago, da igiya, awonka ne, ba suna a jiki. An ce mai shi bai zo ba tukuna.

Ban yi ƙarya ba. Ban kuma tabbata na riƙe amana ba.

Talata, 25 ga Maris

Shiru. Wataƙila ba su da intanet. Gwajin tarihi, 12 cikin 20, mafi muni a zangon nan. Malam ya tambaya ko lafiya, na ce lafiya.

Alhamis, 27 ga Maris

Bayan la'asar ina shago ina aikin gida a ƙarshen tebur. Baba yana ɗakin baya inda injin yanka gilashi yake. Kwamfutar ta yi ƙara, saƙo na goma sha biyar, daga Yaya. Ni bai rubuto mini ba. Kan saƙon kalma biyu: Ranar Litinin.

Na ji injin ya tsaya. Ina kallo rubutun ya sirance.

Na jira ya koma da kauri. Na yi lissafi uku, na duba. Na yi biyu, na duba. Injin ya ci gaba. Har aka rufe shago yana nan siriri, a saman sauran, inda Umma za ta gani gobe in ta zo shara.

Da zai kashe fitila ya ce katifar ɗakin Yaya tana bukatar rana. A sama ya faɗa, ba da ni yake ba. Na ce zan fitar da ita gobe kafin makaranta.

Kwana huɗu ke nan a shago nake aikin gida. Fitilar can ta fi haske, shi ke nan.