Gindin Kwale-kwalen Ya Fi Nauyi

Zuwa ga Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar da ba ta yankewa, ina sanar da ke halin da ake ciki. Wata bakwai ke nan da rasuwarki. Likitana, GP, ya hana ni ɗaga kaya sama da kafaɗa. Ɗanmu Mukhtar kuma ya bugo waya daga gidansa na Ladywood a Birmingham, ya ce in ban iya ɗora kwale-kwalen nan a kan mota ba tare da na ji ciwo ba, ran Asabar zai zo ya tafi da shi.

Kin san abin da wannan ɗan jirgi, da suke kira kayak, yake a wurina. Ke ba ki taɓa shigarsa ba. Sai dai ki zauna a bakin tafkin Gorton da fulas ɗin shayi har in fito.

Shekara goma sha ɗaya muna ɗaga shi tare. Ni a kai, ke a gindi. Ni na raba aikin haka, a zatona na ɗauke miki wahala.

Kin sha ce mini, "Injiniya, ba ɗagawa za ka yi ba. Shimfiɗa bargo, ka jingina kansa, ka tura." Ni kuwa sai in ce injiniya ɗaya ne a gidan nan. Sai ki yi murmushi ki sunkuya.

Jiya na bi maganarki. Na ɗaure masa 'yan tayoyin nan biyu da kika saya na ƙi taɓawa, na jawo shi daga gareji. Na shimfiɗa tsohon bargonki a bayan mota, na jingina kan jirgin a kai. Sannan na zagaya na tsaya inda kike tsayawa, na kama gindin.

Hajiya, can ne nauyin yake. Akwatin kaya yana can, ruwan da ya rage a ciki ma can yake gangarawa. Shekara goma sha ɗaya, ba ki taɓa faɗa mini ba.

Na durƙusa kaɗan, na tura da ƙafafuna. Ya zame ya hau ƙarafan ɗora kaya na saman motar, kafaɗata ba ta ko motsa ba. Na daɗe a tsaye riƙe da igiya kafin in iya ɗaurewa.

Jirgin ba zai je Birmingham ba. A kan haka nake roƙon Mukhtar, da 'yan'uwa na unguwar Old Trafford da zan nuna wa wannan wasiƙa, su ba ni haɗin kai: wanda ya zo taimako ya kama kai, ya bar mini gindin. Wurinki ne, yanzu kuma ni zan tsaya a ciki.

Allah Ya sauƙaƙa miki kamar yadda kika sauƙaƙa mini, Ya haskaka makwancinki, Ya sada mu a Aljanna.

Mijinki,
Injiniya Bala