A Cire Fuskar Yayana Daga Farkon Shirinka

Zuwa ga Alhaji, mai gabatar da shirin hirar dare a talabijin, Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka.

Ranka ya daɗe, ni direba ne a tashar Jega, ina jigilar albasa da fasinja tsakanin Aliero da Maiyama. Na biyo ta jarida ne don sauran hanyoyin sun toshe mini. Maganar yayana ce, Malam Ummaru, manomin albasa a Kashin Zama, wanda ka yi hira da shi bayan ƙaramar Sallah.

Na farko, ba zan tauye maka haƙƙinka ba. Tun da aka ba mu jiha, babu shirin da muke so kamar naka. Direbobi da mahauta mukan cika rumfar mai shayi, in babu wuta a jona wa akwatin talabijin batirin mota, don kawai mu gan ka. Ka iya gaisuwa, ka iya Hausa, ba ka cusa mana Turanci. Mun ga yadda ka tsare ɗan kwangilar da ya bar kwalbatin hanyar Giwa Tazo a buɗe, har zufa ta keto masa, kuma kafin damina aka rufe shi. Ni da nake bin hanyar nan na san amfanin da ka yi mana. Shi ya sa da aikenka ya zo cewa kana neman manomi, aka yi murna a ƙauyen.

Na biyu, abin da ya faru. Wani ciwo ya shiga albasa bara, ganye ya murɗe, wadda aka adana kuma ta riƙa ruɓewa. Manoma suka zaɓi Yaya ya je ya faɗa wa hukuma ta bakin shirinka. Yana da i'ina tun yana yaro, kowa ya sani, amma shi suka amince wa, don ba ya ƙari a magana. Ni na kai shi a motata, na zauna bayan masu ɗaukar hoto. Ka tarbe shi da kyau, ka tambayi mutanen gida, har na ga kafaɗunsa sun sauka. Da ya zo faɗin kalmar ruɓewa sai ta maƙale masa. Ba ka bari ya ƙarasa ba. Ka kwaikwaye shi, ka juya ka dubi kyamara, ma'aikatanka suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi murmushi, don bai san abin da zai yi da fuskarsa ba. Daga nan duk tambayar da ka yi masa, kai kake ƙarasa masa amsa. Lokaci ya ƙare bai faɗi abin da aka aiko shi ba. Haka na ɗauko shi muka dawo gida.

Alhaji, wannan shi ne rauninka, kuma ba a kan Yaya na fara ganinsa ba. Kana son dariyar mutane fiye da amsar baƙonka. Manya kana matsa musu da tambaya, gaskiya ne, amma ban taɓa ganin ka kwaikwayi muryar ɗayansu ba.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Da sau ɗaya aka nuna, da yanzu an manta. Amma an yanko wurin nan an sa shi cikin hotunan da ake buɗe shirinka da su, da kiɗa a ƙarƙashi. Kowane mako sai fuskar yayana ta fito, bakinsa na rawa. Yanzu a kasuwar Aliero masu lodi da wannan kalma suke kiransa. Mutumin da ke tsayawa gaban dillalai a madadin manoma ya daina zuwa kasuwa, sai ya ba ni buhunan in kai. Daga gona sai masallaci, a masallacin ma sahun baya. Watan jiya aka ɗaura auren babbar ɗiyarsa. Da safe ya kira ni gefe ya ce in tsaya a matsayin waliyyi, don yana tsoron kada harshensa ya kama a gaban surukai. Na tsaya na ba da ɗiyar da shi ya haifa, yana zaune a bayana kansa a sunkuye.

Na huɗu, na nemi ganinka. Na zo ofishinku, maigadi ya ce ba ka iso ba. Na dawo wani makon, aka ce kana taro. Wani ma'aikaci ya saurare ni a tsaye, ya ce ai wasa ne, kuma masu kallo suna son wurin. Ba ni da kowa a gidan gwamnati. Ba zan iya bin masu lodi ɗaya bayan ɗaya in rufe musu baki ba. Rumfar mai shayi na daina zuwa, amma hakan bai kashe akwatin kowa ba.

Saboda haka ina roƙonka, don girman Allah, a cire fuskar yayana daga farkon shirin. Ina roƙon ka faɗi kalma ɗaya a gaban jama'ar da suka yi dariya, cewa dattijo ne kuma ba a kyauta masa ba, don in kai ka faɗa za su ji. Sannan a dawo da maganar ciwon albasa, ko da bakin wani manomi ne, don har yau malamin gona bai leƙo mu ba, ga lokacin dashe ya matso. Yaya bai san na rubuta wannan ba, kuma ban sani ba ko in an yi duka ukun zai koma kasuwa.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya raya zuri'arka, ya sa baiwar da ya ba ka ta zama sanadin alheri. Allah kada ya nuna maka ranar da magana za ta maƙale maka a gaban jama'a. In kuwa ta zo, Allah ya haɗa ka da masu haƙurin jira.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Sani Direba,
Tashar mota, Jega.