Ɗana Ba Kurma Ba Ne, Sunansa Ne Ya Yi Nauyi

Zuwa ga Shugaban makarantar firamaren unguwarmu,
Nassarawa, Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali da malaman da ke ƙarƙashinka, ni ce mahaifiyar Umaru ɗan aji biyu, wanda muke kira Sanda. Shi ne yaron da ka aika wa babansa ranar Alhamis, mako biyu ke nan, cewa kada a sake kawo shi, a nema masa makarantar kurame, don ko an yi masa magana ba ya waiwayowa. Na yi ta zuwa ofishinka ana ce mini ka tafi taro. Shi ya sa na rubuto a fili, don ba na jin ni kaɗai ce mai irin wannan yaro a garin nan. Ba faɗa ya kawo ni ba. Tambayoyi ne suka cika mini ciki, ni kuwa tun ina yarinya a Argungu ake cewa tambaya ta yi mini yawa.

Na farko. Da me aka gwada kunnen nasa? Da gaske nake tambaya, ina so in sani. Yaron nan yana gane kukan mashin ɗin babansa tun daga bakin titi, cikin duk mashinan Nassarawa, ya tashi ya buɗe ƙofa alhali mu masu kunne ba mu ji komai ba. In maƙwabta suka tada janareto sai ya toshe kunnuwa da hannu bibbiyu ya shige ɗaki. Ban taɓa ganin kurman da ƙara ta dama ba. Likitar yara ta duba shi tun yana ɗan shekara huɗu, ta ce kunnensa lafiya lau, abin da ke gare shi awtizim ne, wanda wasu ke ce wa galahanga. Yana ji, yana ganewa, sai dai magana na yi masa wuya, kuma ba ya gane da shi ake sai an kira shi yadda ya saba.

Na biyu. Bari in faɗa maka yadda ya samu sunan da yake amsawa, don nan maganar take. Ɗan farina ne, kuma sunan surukina aka sa masa. Ka ga kunya biyu ke nan a kaina. Ni "kai" nake ce masa, ko "yaron nan". Babansa na ce masa Abba. Kakarsa ta Argungu na ce masa maigidana, ƙannen babansa na cewa mai sunan tsoho. Kowa da nasa, yaro kuwa ba ya amsa ko ɗaya, ba ya kallon idon kowa. Mutane har yabonsa suke, wai yaro ƙarami da kunya haka. Ranar da likita ta tambaye ni ko yana amsa sunansa, sai na ce mata wanne daga ciki? Ta ce na yanka. Na sunkuyar da kai, sai babansa ne ya faɗa. Matar nan ta yi dariya har da riƙe baki, sannan ta ce mu koma gida mu zaɓi suna ɗaya tal, kowa ya kira shi da shi, ni ce kuma zan fi kowa kira, don ni ke wuni da shi.

Surukata ce ta raba gardamar. Muna tsakar gidanta a Argungu ana shanyar shinkafa, ta ce, "Ku kirai Sanda, tsoho ba a taɓa ce mai Sanda ba." Ta juyo kaina ta ce, "Ke kau aje kunyag ga. In ke ba ki kirai ba, wa ka kirai?" Ranka ya daɗe, na sha wuya kafin bakina ya saba. Sai na leƙa na ga ba kowa, in durƙusa daidai fuskarsa in faɗa a hankali kamar mai satar nama a miya. Damina ta shigo ta wuce muna abu ɗaya. Ranar da na ce Sanda daga madafa ya bar abin da yake yi ya juyo ya dube ni, zama na yi a ƙasa na yi kuka.

Daga sunan nan komai ya biyo baya. Sanda, ɗauko buta. Sanda, sa takalmi. Sanda, tsaya, mota. Yanzu yana da shekara takwas. Shi ke sa kayansa, shi ke alwalarsa, yana cewa ruwa, yana cewa a'a, kuma tun bara shi kaɗai yake bin lungu ya zo makarantarku ya dawo. Malamin aji ɗaya da sunan nan ya riƙa kiransa, ba mu taɓa jin ƙara ba, har baƙaƙe ya koya a hannunsa.

Na uku. To me ya canza a aji biyu? Na daɗe ina juya wannan a raina. Amsar ba a makaranta na same ta ba, a gidan suna na same ta ranar Asabar, inda na ji mata na tsokanar malamar ajinsu suna ce mata amaryar Sanda. Ashe mijinta Umaru ne, kuma Sanda ake ce masa. Duka sunayen ɗana biyu sun kulle mata. Na ja ta gefe na tambaye ta da me take kiransa a aji. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Mai sunan Malam ni ka ce mai. Wallahi Yaya bakina ba ya iya hwaɗin sunan ga gaban yara, mi za ni yi?" Na zo da fushina, amma dariya ce ta ƙwace mini, don na san nauyin nan sarai. Zango guda cur tana kiran mai sunan Malam, ɗana na zaune yana jira a kira shi. Ita ta ɗauka ba ya ji, shi ya ɗauka ba da shi ake ba.

Ban ga laifinta ba, tarbiyyar gidansu ce, irin tawa. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda magana ta tashi daga aji ta kai teburinka ta zama kora, ba wanda ya ce a kira uwar yaro a tambaye ta. Haka ake yi wa kowa, ko don nawa ba ya iya faɗar abin da ke ransa ne? Kuma yara nawa irinsa aka mayar gida a kan abin da tambaya ɗaya za ta warware? Ban sani ba, kai ne za ka sani.

Na huɗu. Sanda bai san an kore shi ba. Kullum da safe yana sa kayan makaranta, ya rataya jaka, ya tsaya a zaure, in tare ƙofa, ya yi ta tura hannuna yana cewa "kanta, kanta". Makaranta ke nan a bakinsa. Nan ne kaɗai yake zama cikin yara, hanyar nan ce kaɗai ya iya bi shi kaɗai. Ina tsoron in ya daɗe a gida ya koma inda muka faro, kuma wannan tsoron yana hana ni cin abinci.

Roƙona ga shi. A janye maganar korar nan. A sauya masa aji zuwa ɗaya ɓangaren aji biyu, wurin malamin da sunan bai yi wa nauyi ba. In hakan ba zai yiwu ba, a ba ni dama in zauna da Malama mu koya masa wata alama, ko taɓa benci ne, zai koya in an yi haƙuri. Kada a tsawata mata, don Allah. Sannan nan gaba, kafin a ce yaro kurma ne ko maras kunya, a tambayi mutanen gidansu yadda suke magana da shi.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya raya maka zuri'a, ya sa ka gama aikinka lafiya.

Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan biyo shi makaranta, ko an janye ko ba a janye ba. Har yau ban taɓa kiran sunansa a gaban baƙon namiji ba, a waje hannunsa nake kamawa. Amma ranar zan bar shi ya shige cikin layin yara, in tsaya a bakin ƙofa, gaban malamai da mai gadi da masu tallar ƙosai, in ɗaga murya in kira ɗan farina da sunansa. Abin da nake roƙo kawai, ka fito daga ofis ka gani da idonka.

Wassalam.

Mahaifiyar Sanda,
Nassarawa, Birnin Kebbi.