Sunan Maigida a Kan Azara

Hamburg, Oktoba 1933

Zuwa ga yayata Hedwig,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya a Milwaukee, ke da mijinki Alois da yara. Mu nan lafiya, sai tarin Baba da ke tashi in sanyi ya shigo. Ki duba da kyau, wannan rubutun hannuna ne. Babu wanda ya riƙe mini alƙalami.

Kin san maigidana Birnholz, mai zanen gine-ginen da har jaridun ƙetare ke yabo, wanda nake shugabantar kafintocinsa. Tun bazara ya gudu Amsterdam, don Bayahude ne, ƙasar nan kuwa ta daina zaunuwa gare su. Daga can yake tafiyar da ginin da muka fara, ta hanyar wasiƙu. Dalilinsa na dage a makarantar yamma, domin bai dace mutum irina ya nemi mai karanta masa maganar ubangidansa ba.

Ranar da muka ɗora azarar ƙarshe, bisa al'adar kafintoci ni ne mai hawa sama in ɗaura koren reshe, in ambaci mai gini da mai zane, in sha, in jefo kofin ƙasa. Mai ginin ya ja ni gefe ya ce in tsallake suna ɗaya, na mai zanen. Mataimakina Kuno ya ce in bar taurin kai, suna ba ya cika tukunya. Na hau, na faɗi sunan Birnholz cikakke, da ƙarfi. Babu wanda ya tafa. Ƙarar fashewar kofin kaɗai aka ji. Washegari aka sallame ni, kuma har yau duk ƙofar da na buga a rufe take.

Na rubuta wa Birnholz doguwar takarda, na zayyana komai, na roƙi gurbi a wajensa. Amsa ta zo, gajeriya, da keken rubutu. Ya ce ya ji daɗi rufi ya hau. Sannan ya tambaya ko da ƙusa aka kafa reshen, tunda ya hana ƙusa a azarar da ido zai gani. In an buga, a cike ramin. Maganar aiki kuwa, ko kalma. Matata Gerda ta yi dariya har hawaye, ta ce in tambaye shi ko ana miya da azara. An ce alheri danƙo ne, Yaya, amma nawa ya faɗi ƙasa ya kwashi yashi.

Duk da haka na amsa masa yadda ya kamata: da igiya na ɗaura, azararsa ba tabo.

Ki gaida Alois, da Trude, da ƙaramin Benno. Ki kuma tambayi Alois ko a can ana neman kafintan da ya iya rubutu.

Ƙanenki mai biyayya,
Ewald Stolte
Shugaban kafintoci, a da